Tasirin Zafi da Sanyi ga Girma da Hayayyafar Ƙwarin Tirifs a Gonakin Albasa da Wake

Gabatarwa

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin ƙwarin da ke addabar amfanin gona a jiharmu, da wuya a sami wanda wannan karin magana ya dace da shi kamar ɗan ƙwaron da masana ke kira tirifs. Tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, har manomi zai iya zagaya gonarsa safe da yamma bai lura da shi ba, sai ranar da ya ga lawashin albasarsa ya yi fari-fari yana bushewa, ko ya ga furen wakensa ya zube ƙasa babu ƙwanso. A wannan lokaci ɓarna ta riga ta auku.

Mun shirya wannan bayani ne domin manoman karkara, da malaman gona, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da jami'an sashen aikin gona na ƙananan hukumomi. Manufarmu ita ce mu bayyana yadda zafi da sanyi ke tafiyar da rayuwar wannan ƙwaro tun daga ƙwai har zuwa girma, da yadda sanin hakan zai taimaka wajen zaɓen lokacin dashe, da lokacin duba gona, da lokacin feshi. Duk inda muka ambaci digiri a nan, muna nufin digiri a ma'aunin Salshiyas, wanda hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ke amfani da shi.

Siffar ƙwaron da ire-irensa

Masana sun ƙididdige ire-iren tirifs fiye da 6,000 a duniya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke cutar da amfanin gona. Jikinsa siriri ne, yana da fukafukai huɗu masu geza kamar gashin tsuntsu. Ba ya tauna ganye kamar fara ko tsutsa. Yana huda fatar ganye ko ta fure ne da bakinsa mai kama da allura, sannan ya tsotse ruwan da ke ciki. Wurin da ya tsotse yakan zama fanko, iska ta shiga, shi ya sa ganyen ke yin ƙyalli fari kamar azurfa, tare da ɗigo-ɗigon baƙi wanda kashinsa ne.

Iri biyu ne suka fi damun manomanmu.

Na farko shi ne tirifs na albasa, wanda sunansa na kimiyya Thrips tabaci. Launinsa rawaya ne zuwa ruwan ƙasa. Yana ɓuya a wuyan albasa, tsakanin sababbin ganyaye, inda rana ba ta kaiwa. Bayan albasa yana kama tafarnuwa da kabeji da auduga da taba. Idan ya yi yawa yakan hana albasa yin kai mai girma, kuma asarar tana iya kaiwa rabin amfanin gona ko fiye.

Na biyu shi ne tirifs na furen wake, wato Megalurothrips sjostedti. Babbansa baƙi ne mai sheƙi, 'ya'yansa kuwa farare ne da farko, daga baya su koma ruwan lemo. Yana cin tohon fure da furen kansa, sai su bushe su zube kafin su ƙulla ƙwanso. Masana sun kiyasta asarar da yake jawowa daga kashi 20 zuwa 80 cikin 100, kuma a shekarar da ya yi tsanani manomi kan tashi da harawa kawai.

Matakan rayuwarsa

Rayuwar tirifs tana da matakai shida. Mace tana da abin sa ƙwai mai kama da zarto, da shi take tsaga fatar ganye ko ta fure ta cusa ƙwai ɗaya-ɗaya a ciki. Daga ƙwai sai ɗa na farko ya fito, ya ci abinci, ya saɓule fatarsa ya zama ɗa na biyu, wanda ya fi kowane mataki ci da ɓarna. Idan ya ƙoshi, yawanci yakan sauka ƙasa ya shige cikin tsagar ƙasa ko ƙarƙashin busasshen ganye, ya yi matakai biyu na kwanci waɗanda ba ya cin komai a cikinsu. Daga nan sai babba mai fukafukai ya fito ya koma kan shuka.

Wannan tsari yana da muhimmanci ga mai feshi. Ƙwai yana cikin naman ganye, mai kwanci kuma yana cikin ƙasa, saboda haka yawancin magunguna ba sa taɓa su. Duk feshin da aka yi, 'ya'ya da manya kawai yake samu. Waɗanda ke ɓoye za su fito bayan 'yan kwanaki, kuma zafin yanayi ne ke yanke yawan kwanakin.

Game da haihuwa, tirifs yana da wata baiwa da ta sa yake saurin cika gona. A yawancin ire-irensa, ƙwan da namiji ya taɓa yakan zama mace, wanda bai taɓa ba kuma ya zama namiji. A wurin tirifs na albasa kuwa, akwai zuriyar da ba ta bukatar namiji sam: mace ta haifi mata, su ma su haifi mata. Ke nan mace guda da iska ta jefo cikin fangali ta isa ta kafa zuriya.

Dalilin da ya sa zafi ke juya rayuwarsa

Jikin ɗan Adam da na dabbobin gida yana riƙe ɗuminsa ko ana sanyi ko ana zafi. Ƙwari ba haka suke ba. Ɗumin jikinsu shi ne ɗumin wurin da suke, kuma duk ayyukan cikin jiki, kamar narkar da abinci da gina tsoka da haɗa ƙwai, suna sauri idan wuri ya ɗumama, suna jinkiri idan ya yi sanyi. Saboda haka shekarun ƙwaro ba da kwanaki ake auna su ba, da yawan zafin da ya tara ake aunawa.

Masana sun raba wannan al'amari gida uku. Akwai matakin farawa, wato digirin da ƙasa da shi girma ke tsayawa cik ko da ƙwaron bai mutu ba. Akwai zangon da girma ke ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafi. Sannan akwai iyaka ta sama, inda zafi ke komawa cuta, ƙwai ya daina ƙyanƙyashewa, 'ya'ya su mutu.

Wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Tamotsu Murai ya buga sakamakon bincikensa kan tirifs na albasa a shekarar 2000. Ya rene su a digiri 15 da 20 da 23 da 25 da 30, yana ciyar da su da garin fure da ruwan zuma. Ya gano cewa matakin farawarsu digiri 10.8 ne, kuma daga ƙwai har zuwa ranar da sabuwar mace za ta fara nata ƙwan, ana bukatar jimillar zafi 232.6 a sama da wannan mataki. Idan muka raba wannan jimilla da zafin da ake tarawa a kowace rana, za mu sami kimanin tsawon zuriya guda kamar haka:

A digiri 15, kwana 55.
A digiri 20, kwana 25.
A digiri 25, kwana 16.
A digiri 28, kwana 13 zuwa 14.
A digiri 30, kwana 12.

Abin lura shi ne ƙarin digiri biyar kacal, daga 20 zuwa 25, ya rage kwana tara daga cikin 25. Wasu bincike da aka yi a kan ganyen albasa sun ba da alƙaluman da suka ɗan bambanta da waɗannan, domin irin abinci da asalin zuriyar ƙwaron suna da nasu tasiri, amma sun haɗu a kan cewa girma yana ƙara sauri har zuwa wajen digiri 30.

Tirifs na furen wake ma haka yake. Binciken da aka yi a cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi a ƙasar Kenya, wanda aka buga a shekarar 1999, ya nuna cewa yana ɗaukar fiye da wata guda kafin ya girma a digiri 14, amma a digiri 26 bai kai mako uku ba.

Zafi da yawan haihuwa

Saurin girma abu ne daban, yawan ƙwai kuma abu ne daban, kuma ba a digiri ɗaya suke kaiwa ƙololuwa ba. A binciken Murai, macen da aka ajiye a digiri 15 ta rayu kimanin kwana 87, wadda ke digiri 30 kuwa ba ta kai kwana 13 ba. A digiri 23 mace guda ta sa ƙwai 270 a tsawon rayuwarta. Tsakanin digiri 15 da 25 fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwan sun ƙyanƙyashe, amma a digiri 30 ƙyanƙyasar ta faɗi ƙwarai. Da aka haɗa saurin girma da yawan ƙwai da yawan masu tsira, sai aka ga zuriya ta fi saurin ninkawa a digiri 25.

Ma'anar wannan ita ce, a cikin sanyi mace tana daɗewa amma tana sa ƙwai jefi-jefi, 'ya'yanta kuma suna jinkirin girma. A cikin tsananin zafi tana gaggawa amma tana mutuwa da wuri, ƙwanta da yawa kuma suna lalacewa. Tsaka-tsakin nan, daga digiri 23 zuwa 28, shi ne lokacin haɗari ga manomi.

Domin a fahimci ƙarfin ninkawa, bari mu ɗauki misali mai sauƙi. A ce daga cikin ƙwan kowace mace, 'ya'ya mata goma ne kacal suka tsira suka haihu. Zuriya ta farko goma ke nan, ta biyu 100, ta uku 1,000, ta huɗu 10,000, ta biyar 100,000. Wannan misali ne kawai, domin a gona akwai masu cin su da ruwa da cuta. Amma ya nuna cewa bambancin gonar da ƙwaro ya yi zuriya uku a cikinta da wadda ya yi biyar ba ƙarami ba ne, kuma zafi ne ke yanke yawan zuriyar da za ta shiga cikin kwanakin da shuka ke gona.

Yadda lissafin ya faɗa a kan lokutan shekararmu

Hunturu. A watannin Disamba da Janairu zafin rana a yawancin Arewa yana kaiwa wajen digiri 29 zuwa 32, da dare kuma yakan sauka zuwa 12 ko 15. Matsakaicin yini yana wajen 21 zuwa 23. A irin wannan yanayi tirifs na albasa yana bukatar kimanin mako uku kafin ya kammala zuriya guda. Yana nan a gona, amma yawansa yana hawa a hankali. Da sanyin safiya kuma ba ya tashi sama, sai rana ta ɗaga.

Ƙarshen sanyi. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris matsakaicin yini yana hawa zuwa digiri 24, sannan 28. Zuriya tana kammala cikin mako biyu, babu ruwan sama da zai wanke su, ga kuma ganyen albasa ya yi yawa ya ba su mafaka. Binciken da aka gudanar a gonakin albasa a Sakkwato ya nuna cewa yawansu yana kaiwa ƙololuwa ne a wannan tsakani, kuma albasar da aka dasa a Nuwamba da Disamba ta fi wadda aka dasa a makare tsira da kuma yawan amfani. Dalili a fili yake: ta riga ta yi ƙarfi ta fara kai kafin rundunar ta taru.

Bazara. A Afrilu da Mayu zafin rana yana kaiwa digiri 38 zuwa 41 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri da Nguru. Wannan ya wuce abin da ƙwaron ke so, kuma yawansa yakan ragu. Sai dai kada manomi ya dogara da haka. Ma'aunin hukuma yana auna iskar fili ne, shi kuwa ƙwaron yana cikin wuyan albasar da ake ba ruwa, inda inuwa da laima suka rage zafi, dare kuma yana ba shi sararin murmurewa. Bugu da ƙari, shukar da zafi da ƙishirwa suka galabaita ba ta jure tsotso kamar mai ƙoshin ruwa.

Damina. Matsakaicin zafi a Yuli da Agusta yana wajen digiri 25 zuwa 27, wanda ya dace da ƙwaron sosai. Abin da ke taka masa birki shi ne ruwan sama mai ƙarfi, wanda ke kakkaɓe shi daga ganye ya kuma nutsar da masu kwanci a cikin ƙasa. Shi ya sa albasar damina ta fi fama da cututtukan ganye, ta rani kuma ta fi fama da tirifs. Idan aka sami tsaikon ruwa na mako biyu ko uku, to a sa ido.

Kaka. A Satumba da Oktoba ruwa yana ja da baya, zafi yana ɗan ƙaruwa, kuma a lokacin ne yawancin wakenmu ke fure. Tirifs na furen wake yana samun zafi mai daɗi da abinci mai gina jiki, domin garin fure yana ƙara wa mace yawan ƙwai. Wake irin na gargajiya kamar kanannado, wanda ke jiran rana ta gajarta kafin ya yi fure, yakan tarar da ƙwarin da suka riga suka yi zuriya biyu ko uku a gonakin waken da ya yi wuri. Da rani kuwa, wannan ƙwaro yana raya zuriyarsa a furannin itatuwa da ciyayi dangin wake, musamman a yankunan kudu masu laima da gefen rafuka, daga can iska ke kwaso shi idan damina ta kama.

Yadda malamin gona zai yi lissafi da kansa

Wannan lissafi ba ya bukatar kwamfuta. Abin bukata shi ne ma'aunin zafi mai nuna mafi girma da mafi ƙanƙanta na yini, wanda aka rataye a inuwa, ko kuma alƙaluman tashar yanayi mafi kusa.

1. A haɗa zafi mafi girma da mafi ƙanƙanta na ranar, a raba biyu.
2. A cire 11 daga abin da aka samu. Ragowar ita ce zafin da ƙwaron ya tara a wannan rana.
3. A riƙa tara ragowar kowace rana a littafi, tun daga ranar da aka fara ganin manyan ƙwari a gona.
4. Duk lokacin da jimilla ta kai wajen 230, zuriya guda ta cika, sabuwa ta fara sa ƙwai.

Misali, a ranar Janairu da zafi ya kai 30 da rana ya sauka 13 da dare, matsakaici 21.5 ne, abin da aka tara 10.5, zuriya kuma za ta ɗauki kwana 22. A ranar Maris da ya kai 36 ya sauka 20, matsakaici 28 ne, abin da aka tara 17, zuriya kwana 13 zuwa 14. Bisa wannan lissafi, albasar da aka dasa a farkon Disamba aka cire a ƙarshen Maris za ta ga zuriya shida zuwa bakwai, amma uku na farko za su cinye wata biyu cur. A ranakun da zafi ya haura digiri 35 lissafin yakan nuna sauri fiye da abin da ke faruwa a zahiri, saboda haka jagora ne na lokacin duba gona. Ido ne ke tabbatar da abin da ke cikinta.

Cututtukan da ke biyo bayansa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hudar da tirifs ke yi a ganyen albasa tana buɗe ƙofa ga cutar funfuna mai sa tabo ruwan shuni a ganye, wadda masana ke kira Alternaria porri. Haka kuma wasu ire-iren tirifs suna ɗauke da ƙwayoyin bairos masu sa tumatir da barkono da gyaɗa da albasa tabo da tsumburewa. Ƙwaron yana ɗaukar irin wannan bairos ne yana ƙarami, ya girma da shi a jikinsa, sannan ya yaɗa shi bayan ya yi fukafukai. Duk abin da ya gaggauta girmansa ya gaggauta yawo da cutar. Babu maganin feshi da ke warkar da shukar da bairos ya kama, sai dai a tuge ta a binne ko a ƙone.

Shawarwari ga manoman albasa

A yi renon iri da wuri domin a dasa a Nuwamba ko farkon Disamba, kamar yadda yanayin fadama ya bari. Kada a kafa gadon iri ko sabon dashe kusa da albasar da ta kusa cirewa, domin da zarar lawashinta ya fara bushewa ƙwarin za su ƙaura zuwa sabuwar. Zai fi kyau manoman fadama ɗaya su daidaita lokacin dashensu, domin dashe a warwatse daga Nuwamba har Fabrairu gada ce da ƙwaro ke bi daga gona zuwa gona.

A duba gona sau ɗaya a mako a cikin hunturu, sau biyu a mako daga tsakiyar Fabrairu. A zaɓi shuka 20 daga sassa daban-daban, a buɗa wuyan kowace a ƙirga abin da ke ciki. A jihar New York ta Amurka, inda aka daɗe ana bincike a kan wannan ƙwaro, ma'aunin da ake bi shi ne a fara feshi idan aka sami ƙwaro 1 zuwa 3 a kowane ganye, gwargwadon ƙarfin maganin. Wannan zai iya zama mafari ga malaman gonarmu.

Kada a bari albasa ta yi ƙishirwa, kada kuma a cika mata takin yuriya, domin ganye mai taushi da yawan sinadarin naitirojin yana ƙara yawan ƙwarin. Yayyafa ruwa daga sama yana rage su, shimfiɗa tattaka ko bambaro a fangali yana sanyaya ƙasa ya riƙe laima. Shuka layi biyu na masara a kewayen gona kafin dashe yana tare waɗanda iska ke kawowa. Bayan cire albasa a kwashe ragowar lawashi da ciyayi, a juya ƙasa domin rana ta kashe masu kwanci.

Shawarwari ga manoman wake

A fara duba gona tun lokacin da tohon fure ya bayyana, kada a jira furen ya buɗe. Ana karkaɗa toho ko fure a kan farar takarda, sai a ga ƙwarin suna gudu. Shawarar da cibiyar IITA da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, suka daɗe suna bayarwa ita ce feshi biyu zuwa uku a lokutan da suka dace: na farko a lokacin tohon fure, na biyu bayan kimanin kwana 10 idan fure ya cika, na uku idan ƙwanso ya fara cika. Na farkon nan shi ne na tirifs, kuma shi ne manoma suka fi sakaci da shi.

Muna jan hankalin masu shuka irin SAMPEA 20-T, wanda aka fitar a shekarar 2019, cewa kariyar da ke jikinsa ta tsutsar ƙwanso ce mai suna Maruca. Ba ya kare kansa daga tirifs ko darɓa ko ƙwarin da ke tsotse ƙwanso, saboda haka shi ma yana bukatar feshi a lokacin fure.

Game da feshi

Tazarar feshi ta dace da zafin lokacin. A hunturu, da ƙwai da masu kwanci ke jinkirin fitowa, ana iya barin kwana 10 ko fiye kafin a sake dubawa da niyyar feshi. A Maris sababbin 'ya'ya kan bayyana cikin mako guda. Manomin da ya ga ƙwari sun dawo bayan kwana biyar sau da yawa yakan zaci maganin jabu ne, alhali ƙwan da ke cikin ganye ne suka ƙyanƙyashe.

Sai dai saurin zuriya yana kawo wani haɗari. Duk feshin da aka yi, waɗanda suka fi jure maganin ne ke tsira su haihu, kuma ƙwaron da ke zuriya kowane mako biyu yana saurin gadar da wannan juriya. An tabbatar a ƙasashe da dama cewa tirifs na albasa ya daina jin magunguna dangin lamda-saihalotirin da saifametirin saboda yawan maimaita su. Kada a yi amfani da dangin magani ɗaya fiye da sau biyu a jere. Sauya sunan kamfani ba sauya magani ba ne, a duba sunan sinadarin da ke jikin kwalba. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa yana taimakawa idan ƙwarin ba su yi yawa ba, kuma ba ya yi wa ƙwari masu amfani illa kamar magungunan kanti.

A yi feshi da sanyin safiya ko da yamma. Feshin tsakar rana a cikin zafi yana bushewa kafin ya kai wuyan albasa, yana iya ƙona ganye, yana kuma cutar da mai feshin. A guji lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. A sayi maganin da ke da rajistar hukumar NAFDAC kawai, a sa safar hannu da takunkumi da doguwar riga, a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, kada kuma a bar yara su yi feshi ko a zuba ruwan sha a kwalbar magani.

Sauyin yanayi

Hukumar yanayi ta duniya ta bayyana shekarar 2024 a matsayin mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin. Ga tirifs, ƙarin digiri ɗaya kacal a cikin hunturu, daga 21 zuwa 22, yana ƙara saurin girmansa da kimanin kashi 10 cikin 100. Idan sanyi ya gajarta, lokacin haɗari zai riƙa zuwa da wuri, kuma ranakun da kakanninmu suka saba da su za su iya saɓa wa abin da ke faruwa a gona. Wannan ya sa hasashen yanayi da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya zama abin da ya kamata malamin gona ya karanta ya kuma isar ga manoma.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Ƙwaron nan bai san iyakar gona ba, saboda haka ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya isa. Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma da su tara manoman kowace fadama tun a watan Satumba domin a yi yarjejeniya kan lokacin reno da dashe. Muna kira ga sashen aikin gona na ƙananan hukumomi da su samar wa kowane malamin gona ma'aunin zafi da madubin ƙara girma da littafin rubuta ƙidaya. Idan aka ajiye bayanan zafi da na yawan ƙwari na shekara uku ko huɗu a gunduma ɗaya, za a iya gaya wa manoman wurin makon da ya kamata su fara sa ido.

Duk manomin da ya ga farin ƙyalli a lawashin albasarsa, ko ya ga furen wakensa yana zuba, ya ɗebi ganye ko furen a leda ya kai wa malamin gona na yankinsa ko ofishin shiyya na hukumar raya aikin gona ta jiha kafin ya sayi magani, domin a tabbatar da abin da ke damun gonar. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin.